Daga Layin Dogo Zuwa Kakuri: Tarihin Ƙungiyoyin Ƙwadago a Najeriya

 Shirin faɗakarwa na yau zai bi tarihin ƙungiyoyin ƙwadago a Najeriya, domin a ga yadda aka yi ma'aikaci ya samu abubuwan da a yanzu ake ɗauka kamar da ma can haka duniya take, irin su ƙayyadadden lokacin tashi daga aiki, da hutun haihuwa, da diyyar rauni, da mafi ƙarancin albashi. Shirin zai fara da bayanin mece ce ƙungiyar ƙwadago da inda ta samo asali, sannan ya daɗe a kan shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan ya ratsa zamanin 'yancin kai da mulkin soja, kafin ya iso ga abin da doka ta tanadar wa ma'aikacin yau.

Kashi na farko, ma'ana da asali.

Ƙungiyar ƙwadago ita ce haɗakar mutanen da suke sayar da ƙarfinsu ko iliminsu ko lokacinsu ga wani a kan lada, waɗanda suka amince su riƙa magana da murya ɗaya game da albashi da sa'o'in aiki da lafiyar jikinsu a wurin aiki. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin tsarin masu sana'a, domin akwai Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska tun kafin zuwan Turawa, amma mahauci ko maƙeri shi ne mai kayan aikinsa, kuma abin da yake sayarwa nama ne ko garma. Lebura kuwa ba shi da injin, ba shi da ma'aikata, ba shi da abin da aka ƙera, sai ladan da aka yanka masa. Idan ya je shi kaɗai ya nemi ƙari, ana iya sallamarsa da safe a ɗauki wani kafin azahar, amma idan dukan leburorin suka ajiye aiki a lokaci guda, wanda shi ne ake kira yajin aiki, dole mai ma'aikata ya zauna a yi magana. Ƙarfin ma'aikata yana samuwa ne a inda suka taru da yawa a wuri ɗaya, ƙarƙashin mai ɗaukar aiki ɗaya, kuma masu sauraro za su ga wannan batu yana dawowa a kowane kashi na shirin.

Irin wannan taruwa ta fara bayyana sosai a Ingila, lokacin da masana'antu masu amfani da injin suka janyo mutanen karkara zuwa birane. Majalisar ƙasar ta haramta haɗa kan ma'aikata a 1799 da 1800, ba ta janye haramcin ba sai a 1824, kuma duk da janyewar, a 1834 an yanke wa wasu leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle hukuncin kora zuwa Ostireliya na shekara 7 saboda rantsuwar da suka yi ta kafa ƙungiya. A Amurka kuma, ranar 1 ga Mayu 1886 ma'aikata suka shiga yajin neman a mayar da aikin yini sa'a 8, abin da ya kai ga tashin bam da zubar da jini a dandalin Haymarket na birnin Chicago ranar 4 ga watan, da rataye mutum huɗu a shekarar da ta biyo. Daga nan ranar 1 ga Mayu ta samo matsayinta na ranar ma'aikata. A 1919 aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kuma yarjejeniyarta ta farko ta tsayar da sa'a 8 a yini da sa'a 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu.

Kashi na biyu, Najeriya a hannun Turawa, kuma a nan shirin zai fi daɗewa.

A zamanin mulkin mallaka gwamnati ce babbar mai ɗaukar aiki, saboda ita ke da jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa da gidan waya da sashen ayyuka, don haka duk wata taƙaddamar albashi takan zama taƙaddama da hukuma kai tsaye. Tun a 1897 leburorin sashen ayyuka na Legas suka yi yaji a kan rage musu lada. A 1912 ma'aikatan ofis suka kafa ƙungiyarsu, a 1931 malaman makaranta suka kafa tasu ƙarƙashin Rabaran Ransome-Kuti, sannan a 1938 gwamnati ta yi dokar da ta yarda mutum biyar su yi rajistar ƙungiya. Ƙungiyar farko da ta yi rajista ƙarƙashin wannan doka ita ce ta ma'aikatan jirgin ƙasa, wadda Michael Imoudu ya shugabanta. Ba mamaki ba ne da ya zama su ne a gaba, domin layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911, ya tara dubban mutane masu harsuna daban-daban ƙarƙashin hukuma ɗaya, kuma labarin da ya tashi daga bitar gyaran jirage ta Ebute Metta yakan isa Zariya da Kano a cikin jirgin da ma'aikatan da kansu suke tuƙawa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, abubuwa biyu sun faru a ƙasar nan waɗanda ya kamata a ajiye su gefe da gefe.

Na farko ya faru ne a tsaunukan Jos. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda daga can Birtaniya take samun mafi yawan kuzarta, sai gwamnatin mallaka ta juyo kan filayen haƙar kuza na Filato, ta kuma umarci hukumomin En'e su samar da leburori ala tilas. Umarni yakan sauko daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, shi kuma dagaci ya shiga gida-gida ya cika adadin da aka yanka masa. Ta haka aka kwashi dubun-dubatar manoma daga lardunan Arewa aka kai su ƙasar da ba su saba da sanyinta ba, aka zuba su a bukkoki marasa kyau, ga ƙarancin abinci, ga aikin haƙa da ɗaukar ƙasa a kwano cikin ruwa da laka. Da yawa sun yi ciwo, wasu sun mutu, wasu kuma sun gudu da ƙafa zuwa garuruwansu. Abin lura shi ne Birtaniya ta riga ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta hana aikin tilas, amma ta fake da sassaucin da yarjejeniyar ta yi game da halin yaƙi. Waɗannan bayin Allah ba su da ƙungiya, ba su san juna ba, ana kawo su rukuni-rukuni ana mayarwa, saboda haka makamin da ya rage musu shi ne gudu. Ba a daina wannan ɗiba ba sai a 1944, bayan surutu ya yi yawa har a majalisar dokokin Birtaniya. Wannan babi ne da bai samu kulawar da ta dace da shi ba a tarihin da ake koyarwa a makarantu, alhali kakannin da yawa daga masu sauraron wannan shiri ne abin ya shafa.

Na biyu ya faru ne a kan layin dogo. Yaƙi ya jawo tsadar kaya, farashin abinci da tufafi da kuɗin haya suka yi ta hawa, albashi kuwa yana nan inda yake. A 1942 ma'aikata sun matsa har aka ba su alawus na tsadar rayuwa, wato wani ƙarin kuɗi da ake ɗorawa a kan albashi domin rage raɗaɗin hauhawar farashi, amma a shekarar gwamnati ta hana yajin aiki da dokar yaƙi, kuma a 1943 ta tsare Imoudu, ba ta sake shi ba sai a 1945. A wannan shekara ƙungiyoyi suka gabatar da buƙata biyu: a ƙara rabin alawus ɗin tsadar rayuwa a kan wanda ake biya, kuma kada ladan lebura ya gaza sule biyu da sisi a yini. Gwamnati ta ƙi, ta ce ƙarin kuɗi zai ƙara tsadar kaya ne kawai, alhali ma'aikata suna gani ana kyautata wa Turawan da suke aiki tare da su da wasu alawus na daban. Wasu shugabannin ƙwadago sun so a ɗage yajin, amma ma'aikatan jirgin ƙasa, da Imoudu a gabansu, suka ƙi.

Ranar 22 ga Yuni 1945 aiki ya tsaya. Jirage suka daina tafiya, gidan waya ya yi shiru, kaya suka taru a tashar jiragen ruwa, kuma yajin ya bi layin dogo daga Legas har ya iso manyan tashoshin Arewa irin su Kaduna da Zariya da Kano. Ma'aikata fiye da 30,000 ne suka shiga, kuma an yi kwana 44 ana yi. Mutumin da ya yi wata ɗaya da rabi babu albashi ba zai iya jurewa shi kaɗai ba, saboda haka abin da ya riƙe yajin shi ne jama'ar gari: matan kasuwar Legas sun sayar wa masu yaji abinci da rangwame ko bashi, wasu masu gidaje sun ɗaga wa 'yan haya ƙafa, jaridun Nnamdi Azikiwe kuma suka goya musu baya har gwamnati ta rufe biyu daga cikinsu. Daga ƙarshe aka kafa kwamitin bincike na Tudor Davies, wanda a 1946 ya tabbatar da cewa kukan ma'aikata gaskiya ne, ya kuma ba da shawarar a yi ƙarin alawus ɗin.

A sake dubawa: ƙasa ɗaya, gwamnati ɗaya, kusan lokaci ɗaya. Leburorin kuza, waɗanda wahalarsu ta fi tsanani, ba su samu wanda ya zauna da su a teburi ba, ma'aikatan jirgin ƙasa kuwa sun tilasta wa gwamnati kafa kwamiti. Bambancin shi ne na biyun suna tare, sun san juna, suna da shugabanni da asusu, kuma idan suka naɗe hannu ƙasa takan ji a jikinta.

Wannan ƙarfi ba a same shi kyauta ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, a ramin haƙar kwal na Iva Valley da ke Inugu, leburori suna cikin wata taƙaddama a kan kuɗaɗen da suke ganin an riƙe musu da kuma korar abokan aikinsu. Sun fara da tafiyar hawainiya, wato su zo aiki amma su riƙa yinsa a hankali, daga baya suka zauna a cikin ramin suka ƙi fita. Hukuma ta aiko 'yan sanda su kwashe nakiyoyin fasa dutse da ke ajiye a wurin, sai wani jami'in ɗan sanda Bature ya ba da umarnin harbi, aka kashe mutum 21, aka raunata 51. Babu ɗaya daga cikinsu da yake riƙe da bindiga. Wannan kisa ya girgiza ƙasa, ya haɗa kan 'yan siyasar da ba sa ga-maciji da juna, ya kuma ƙara wa neman 'yancin kai wuta.

Kashi na uku, bayan samun 'yanci.

A 1960 Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta kuma amince da yarjejeniyoyi biyu masu muhimmanci, ta 87 wadda ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, da ta 98 wadda ta ba su 'yancin zaman daidaitawa, wato wakilansu su zauna da mai ɗaukar aiki su ƙulla yarjejeniya ɗaya da za ta hau kan kowa. Sai dai sauyin tuta bai sauya albashi ba, shi ya sa a watan Yuni 1964 aka sake yin yajin gama-gari na kusan mako biyu, bayan gwamnati ta yi jinkirin fitar da rahoton kwamitin Morgan kan albashi, sannan ta zaftare shawarwarinsa. Bayan yaƙin basasa aka yi ƙarin albashi na Adebo a 1971, aka kuma yi na Udoji wanda aka biya a 1975, wanda har yau dattawa suna tunawa da yadda kasuwanni suka cika da masu sayen rediyo da babur, da kuma yadda farashi ya bi bayan kuɗin nan take.

A wannan zamani ne Arewa ta samu nata taron ma'aikatan masana'antu. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har unguwar Kakuri ta zama gari guda na masaƙa, inda jiniyar canjin aiki take fitar da dubban mutane ta shigar da dubbai, masu abinci da masu shayi da masu kekuna suna cin albarkacinsu a bakin ƙofa. A Kano ma unguwar Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa, suka cika da masana'antu. Binciken da Paul Lubeck ya yi a Kano ya nuna cewa da yawa daga leburorin masana'antun birnin gardawa ne da tsofaffin almajirai, kuma su ne suka fito a 1971 suka matsa wa kamfanonin da suka yi nawa wajen biyan ƙarin Adebo. Ke nan neman haƙƙi a wurin aiki ba al'adar 'yan boko kaɗai ba ce, kuma ba ta wani yanki ɗaya ba ce. Daga ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ta Kaduna ne Adams Oshiomhole ya taso, har ya shugabanci ƙwadagon ƙasa daga 1999 zuwa 2007.

Gwamnatocin soja sun yi wa ƙwadago abu biyu masu karo da juna. A gefe ɗaya, gwamnatin Obasanjo ta soja ta haramta wa wasu tsofaffin shugabanni, har da Imoudu, shiga harkar ƙungiya, sannan a 1978 ta narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi zuwa manya guda 42, kowacce ta sana'a ɗaya, ƙarƙashin uwa ɗaya, wato Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya da aka fi sani da NLC, wadda Hassan Sunmonu ya fara shugabanta. Niyyar hukuma ita ce ta samu sauƙin sarrafa su, amma tsarin, tare da cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi, ya ba ma'aikata ƙarfin da ba su taɓa samu ba. A ɗaya gefen, da ƙarfin ya dami masu mulki, gwamnatin Babangida ta rushe shugabancin NLC na Ali Ciroma a 1988, ta Abacha kuma ta rushe na Pascal Bafyau a 1994, ta tsare Frank Kokori da Milton Dabibi na ƙungiyoyin ma'aikatan mai shekara da shekaru ba tare da shari'a ba.

A tsakanin waɗannan gwamnatoci akwai abu biyu da suka faru a Jamhuriya ta Biyu. A 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya ayyana 1 ga Mayu ranar hutu a Jihar Kano, shekara guda kafin gwamnatin Shehu Shagari ta mayar da ita hutun ƙasa baki ɗaya. A 1981 kuma, bayan yajin gama-gari a watan Mayu, aka yi dokar mafi ƙarancin albashi ta farko, wato adadin da doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da shi, aka tsayar da shi a kan naira 125 a wata. Adadin ya kai naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024, kuma kusan kowane ƙari sai da aka kai ruwa rana kafin a same shi.

Kashi na huɗu, abin da doka ta tanada a yau, kuma a nan ana roƙon masu sauraro su ƙara kasa kunne, domin batu ne da ya shafi aljihunsu.

Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta na 1974 ne kuma ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa. Ta ce wanda ya cika wata 12 yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki tare da albashinsa, mai ciki tana da hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, kuma ba a sallamar wanda ya yi shekara 5 ko fiye sai an ba shi sanarwar wata guda. Dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wani asusun gwamnati, domin idan injin ya cinye wa ma'aikaci hannu, ko ya rasu a bakin aiki, a samu abin biyansa ko iyalinsa. Akwai kuma kotu ta musamman, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aikinta shi ne sauraron irin waɗannan ƙararraki. A maimaita: takarda cikin wata 3, hutun shekara, hutun haihuwa, sanarwa kafin sallama, da diyyar rauni.

Sai dai akwai gagarumin giɓi tsakanin abin da aka rubuta da abin da yake faruwa. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, wasu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya saboda matsalar wutar lantarki da kwararowar yadin waje, kuma da injuna suka tsaya, dubban mutanen da suke taruwa a ƙofa ɗaya suka watse, wannan ya koma acaɓa, wancan ya koma gona, wasu suka shekara da shekaru suna jiran kuɗin sallamarsu har mutuwa ta riske su. Mafi yawan masu neman abinci a ƙasar nan yanzu suna aiki ne a inda babu takarda: yaron shago da yake buɗewa da sassafe ya rufe bayan isha'i, ladansa kuwa abin da maigida ya ga dama, maigadin da wani kamfani ya ɗauka ya tura shi gadin wani kamfanin, idan ya yi rashin lafiya kowanne ya ce ba yaronsa ba ne, malamar makarantar kuɗi da ba a biyanta a lokacin hutu, yarinyar da aka kawo daga ƙauye aikatau, wadda ko kuɗin aikinta ba ya zuwa hannunta. Ita kanta dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta ware wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta ware masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi, da leburorin gona na damina. Rajistar sabuwar ƙungiya kuma yanzu tana buƙatar mutum 50.

Halin waɗannan mutane ya fi kama da na leburorin kuza fiye da na ma'aikatan jirgin ƙasa, ba don ana tilasta musu ba, sai don a warwatse suke, kowa da maigidansa, kuma idan abu ya yi tsami mafitarsu ita ce barin aikin. Wannan ne ya sa ake yi wa manyan ƙungiyoyin ƙwadago ƙorafin cewa sun fi ƙarfi a kan ma'aikatan gwamnati da bankuna da kamfanonin mai, kuma ƙorafin yana da tushe. Duk da haka akwai yunƙuri da ya cancanci a yaba, domin ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, bayan rufewar masana'antu, ta mayar da hankali ga shigo da teloli masu zaman kansu cikinta, masu keken ɗinki ɗaya ko biyu a rumfa, waɗanda a da ba a lissafa su cikin 'yan ƙwadago.

Ga ma'aikacin da aka riƙe wa albashi, ko aka sallame shi babu sanarwa, ko ya ji rauni aka yi watsi da shi, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a jihohi inda ake kai kuka a nemi sulhu, idan sulhu ya gagara kuma sai kotu. Abin da yakan taimaka a can shi ne shaida: takardar ɗaukar aiki idan akwai, ko katin shaida na wurin aiki, ko saƙon banki na shigar albashi, ko takardar asibiti, ko abokan aiki biyu da za su tsaya su faɗi abin da suka gani. Saboda haka ake jan hankalin masu sauraro su riƙa adana irin waɗannan takardu tun ranar da suka kama aiki.

A nan shirin na yau ya tsaya.